Kafin Ka Shiga Ciyawa da Silasha

 Ɗana, tunda damina ta ja baya, aikin yankan ciyawa zai yi ta zuwa maka: filin makaranta, gonar mangwaro, gefen hanya, karan masarar da aka gama girbi. Hannunka ya faɗa a tuƙi, wannan ba na ko shakka. Abin da nake so in ja hankalinka a kai yana bayanka ne, inda ba ka cika waiwayawa ba, wato sarƙoƙin nan biyu da ke hana hannuwan tarakta lilo. Ka saurare ni da kunnen basira, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Lilon da hannuwan ke yi ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ailan, shi ya fito da tsarin rataya kayan aiki a wuri uku, hannu biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Ya yi masa rajista a 1926, tsarin ya bazu da taraktar Ford 9N a 1939, sai kuma TE20 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946. Massey Ferguson 375 ɗin da ke hannunka jikarsu ce. To, garma ce a ran mutumin nan lokacin da yake wannan tunani, ita kuwa garma tana so a sakar mata mara. Tana cikin ƙasa, ƙasa na riƙe da ita, in ta ci karo da dutse ko ka ɗan murza sitiyari sai ta goce kaɗan ta dawo kan layi, ba tare da ta lanƙwasa hannu ba. Silasha ba haka take ba. A sama take, kan fin biyu da 'yar taya ɗaya a wutsiya. Babu mai riƙe ta sai sarƙoƙin. Duk wanda ya sauke garma ya ɗaura silasha bai taɓa sarƙa ba, ya bar ƙarfe mai nauyi yana watangaririya a bayansa.

Tarakta da kanta za ta faɗa maka in abin ya karkace. Duƙa ka dubi cikin tayar baya. In ka ga haƙoran taya sun shafe ta gefen ciki, ka kuma ga fentin hannun ya goge har ƙarfen yana ƙyalli, nan suke gugar juna. Waiwayi filin da ka yanke: wani siririn layin ciyawa zai kwanta a gefe ɗaya, taya ta take shi, wuƙa ba ta kai gare shi ba. Washegari ya miƙe tsaye, mai gona ya ce aikinka bai yi tsabta ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne shaf ɗin PTO, mai juya wuƙar silasha. Sau 540 yake juyawa a minti ɗaya, sau 9 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma kuros ɗinsa biyu ba sa son karkata. Yana ɗan ƙara, yana rawa, yana zafi, wata rana sai ya watse a tsakiyar aiki, nesa da gari.

Ga yadda nake so ka riƙa yi. Nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ko dandamalin siminti. Tabbatar iskar tayoyin baya ɗaya ce. Ɗaga silasha kamar taƙi ɗaya daga ƙasa don ta iya motsi, tura gungumen katako ƙarƙashinta, ja birki, kashe inji, sa makulli a aljihunka. Kada ka amince wa hayidirolik da ƙafarka, yana iya sauka ba sallama. Sai ka ɗauki tef, in babu ko igiya ta isa, ka auna daga cikin tayar dama zuwa kan hannun dama inda fin ya shiga, ka auna na hagu haka nan. Ido yana ruɗi a nan, ɗana, musamman in murfin silashar ya sha walda ya karkace. In kuma kana zaton an taɓa juya rim ɗaya an bar ɗaya, ka bar taya, ka auna daga bakin PTO zuwa kan kowane hannu, domin shi ne ainihin tsakiyar tarakta.

A nan ne matasa da yawa ke gaggawa. Su ga silasha ta karkata hagu, su kama sufana su yi ta murza sarƙar dama da ƙarfi, alhali ta hagu na ɗaure tamau. Wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san ba a gyara karkataccen kaya da ƙara jan igiya. Sai an sassauta, an daidaita, sannan a ɗaure. Kwance notin makulli na kowane gefe. Saki sarƙar hagu zagaye biyu, ɗaure ta dama zagaye biyu, sake aunawa, ka yi ta haka har awon ya zo ɗaya. Wannan in sarƙoƙin na waje ne, tsakanin hannu da taya. In na ciki ne, waɗanda ke kame kusa da PTO, lissafin ya juya: ɗaure ta dama yana jan kaya zuwa hagu. Wasu sababbin taraktoci ƙarfe mai zugewa gare su maimakon sarƙa, mai ramuka. Zagayayyen rami na kullewa ne, shi silasha ke so. Dogon ramin na garma ne.

Kada ka ɗaure har ya zama babu motsi sam. Kama wutsiyar silasha ka girgiza, ka bar wa kan hannuwan wasa kamar faɗin yatsa ɗaya. Daga nan ka hau, ka tada inji, ka ɗaga kayan a hankali har ƙarshe kana kallon sarƙoƙin. A taraktoci da yawa maƙalar sarƙa ba ta kan layi ɗaya da gindin hannu, don haka sarƙar da ke da sauƙi a ƙasa tana iya miƙewa ƙam a sama. Hayidirolik ba ya jin tausayi, zai ci gaba da ja har maƙalar ta ɓalle ko hannu ya tanƙware. In ka ga ta yi tauri kafin kaya ya kai sama, sauke, ƙara mata sauƙi kaɗan a gefen biyu daidai.

Wani lokaci za ka gama duk wannan amma kaya na ƙwalƙwal. Duba fin. Ƙananan silasha da yawa fin ɗinsu milimita 22 ne, ramin hannun babbar tarakta kuwa 28. Bushin ake sawa a cike giɓin, kuɗinsa bai kai ya kawo ba, kuma ya fi tsumma ko wayar da wasu ke naɗawa.

In ka gamsu, kulle notocin, shafa giris a zaren don kada tsatsa ta cinye shi kafin baɗi. Rigar aiki ta zama mai kama jiki, babbar riga da bakin rawani ba su da wuri kusa da shaf, kuma murfin robarsa ya zauna a kansa. Kori yara nesa, wuƙar nan tana jifa da dutse. Bayan ka yi zagaye biyu ko uku a fili, tsaya, kashe inji, jira wuƙa ta daina juyawa, ka sake ɗora tef, domin sarƙa takan saki bayan girgizar farko, balle in ka hau suri ko ka gogi kututture. Ranar da za ka mayar da garma kuma, ka tuna ka sassauta mata su.