Darasi: Bankin Cimaka da Hukuncin Rancen Hatsi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan bankin cimaka yake, saboda tambaya ta yawaita game da hatsin da ake ɗauka a cikinsa: shin halal ne, ko kuwa akwai riba a ciki?

Ku sani tanadin abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu suna da rumbun tsimi, wanda ba a buɗe shi sai ranar wuya. Gwamnati ta kafa OPVN a 1970 domin saye da ajiyar cimaka. Bayan farin 1973 da na 1984, hukuma da ƙungiyoyin agaji suka yi ta kafa bankunan cimaka a karkara. Yunwar 2005 ta sake nuna amfaninsu, kuma shirin 3N, wanda aka tabbatar a 2012 zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, ya sanya ajiyar abinci cikin ayyukansa.

Hikimar abin a fili take. Da kaka hatsi yana araha, talaka ya sayar don haraji da biki da biyan bashi. In damana ta faɗi, rumbu ya ƙare, tiya ta yi tsada, sai magidanci ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani. Bankin cimaka yana saye da kaka, ya ajiye, ya fitar lokacin da ake noma da yunwa. Wannan tanadi ne irin wanda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara wa mutanen Masar. Asalinsa alheri ne, sai dai a dubi yadda ake fitarwa.

Mas'ala ta farko: a sayar da kuɗi hannu, a farashi mai rahusa, da ƴar riba ta ciniki wadda za ta biya mai gadi da gyaran ɗakin ajiya. Wannan ciniki ne halal, babu saɓani.

Mas'ala ta biyu: a ba mutum rancen tiya 10 ta hatsi, a sharɗanta masa ya maido 12 da kaka. Wannan ƙarin riba ce haramtacciya, ko da an ce don amfanin gari ne. Rance ana maida shi ne daidai da daidai, mudu da mudu.

Mas'ala ta uku: a sayar masa da hatsin bashi, a yanke kuɗinsa da ranar biya tun wurin ciniki. Wannan ya halatta, ko da kuɗin ya ɗara na hannu. Amma a mazhabar Imamu Malik ba a karɓar abinci a madadin kuɗin abincin da aka sayar bashi. Saboda haka mai bashi ya kai hatsinsa kasuwa, ya kawo kuɗi. Kuma in ya makara ba a ƙara masa ko dala.

To, ƴan'uwa, abin da ke kashe bankin cimaka ba fari kaɗai ba ne. Wani ya ɗauka ya ƙi biya, yana cewa ai kayan gwamnati ne. A'a! Tun ranar da aka damƙa wa gari mabuɗi, hatsin nan ya zama haƙƙin marayu da gwauraye da tsofaffi. Wanda ya ci buhu guda, da gari duka zai yi shari'a gobe kiyama. Haka ɗan kwamitin da ya fifita danginsa, ko ya sayar wa ɗan kasuwa da dare, ya ci amana.

Muna kira ga limamai da masu gari su zauna da kwamiti kafin a buɗe ɗakin ajiya bana. A zaɓi amintattu, maza da mata, a rubuta kowane bashi da shaidu, a karanta lissafi a bainar jama'a. Wanda ya shiga ƙunci na gaskiya a jinkirta masa.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mu daga cin haram. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.