MAGANIN SAKIN JIJIYA GA DAWAKIN SUKUWA

Sau da yawa dokin sukuwa ko na ƙwallon dawaki yakan kwana biyu ko uku a turke ba kilisa, ana kuwa cika masa dawa kamar kullum. Ran da aka hau shi, kafin a yi nisa sai ya cije, gumi ya karyo masa, naman cinyoyinsa da na gadon baya ya yi tauri kamar itace. Wani lokaci fitsarinsa yakan yi duhu kamar ruwan shayi. Turawa suna kiran wannan ciwon safiyar Litinin, domin bayan hutun Lahadi ya fi kama dawakinsu na aiki.

In haka ta faru, kada a tilasta masa tafiya. A sauke sirdi, a ba shi ruwa, a kira likitan dabbobi. Cikin magungunan da likita yakan ba da akwai metokabamol, wanda ake sayarwa da sunan Robaxin. Aikinsa a laka da ƙwaƙwalwa yake, watau yana rage saƙon da ke sa nama ya ɗaure. Saboda haka yakan sa doki kasala da gyangyaɗi.

Lissafi biyu ne a kan wannan magani. Na fari, nauyin doki. Ga ciwo matsakaici, allurar jijiya takan kama daga miligiram 4.4 zuwa 22 ga kowane kilo. Misali, doki mai kilo 300, in likita ya zaɓi miligiram 15, zai sami giram 4.5, watau mililita 45 na ruwan da ke da miligiram 100 cikin kowace mililita. A hankali ake ɗura shi, kuma ba a yi wa dokin da ƙodarsa ta taɓu. Don haka ba aikin ɗan barga ba ne.

Na biyu, kwanaki. Ko doki ya warware, sauran magani yana nan cikin jininsa. A Amurka ba a yarda a yi wa dokin sukuwa wannan allura cikin awa 48 kafin tsere ba, ana kuwa gwada jini. Wannan awo na allura ɗaya ne tak. Dokin da aka yi kwanaki ana ba shi ƙwayoyi lalle a ƙara masa lokaci. Kowace ƙungiyar wasa da tata doka, sai mai doki ya tambaya tun da wuri, ya kuma rubuta rana da sa'ar da aka ba da magani na ƙarshe.

Dalilin dokar a fili yake. Doki mai gyangyaɗi yana iya tuntuɓe ya ka da mahayinsa, wanda bai gama warkewa ba kuma gudu yana iya komo masa da ciwon. Sauri ya haifi nawa.

Rigakafin kuwa mai sauƙi ne. Ran da doki ba shi aiki a rage masa hatsi, a ƙara harawa da ciyawa, a kuma fita da shi kilisa kowace rana.