Yadda Ake Haɗa Kayan Wasan Dabarun Yaƙi da Kara, Kwali da Yumɓu

Akwai wani wasan basira da ake jera 'yan ƙananan mayaƙa a kan tebur, mutum biyu su fafata da dabara, ana auna tafiyar kowace runduna da ma'auni. Tushensa yana cikin sojojin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, inda a 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar da shi don koya wa hafsoshi tsarin yaƙi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya shigar da wasan cikin gidajen jama'a. Kayansa na kanti suna da tsada, kuma ba a samunsu a kasuwanninmu. Amma a Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, yaron da ya iya motar kara da dokin laka ya riga ya ci rabin aikin. Abin da ya rage masa shi ne kayan awo da na lissafi, waɗanda su ne ke sa wasan ya tafi da adalci ba tare da gardama ba.

Ba sai mun ari tarihin kowa ba. Babura tana kan iyakar arewa, tsakanin Kano da Damagaram. Daga 1819 Ɗan Tunku na Kazaure ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Sarkin Damagaram Tanimu ya yi suna wajen tara bindigogi, har da igwa. A ƙarshen ƙarnin kuma wani Sarkin Damagaram, Amadu Kuran Daga, ya kai wa ƙasar Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu. Rundunonin wancan lokaci suna da 'yan lifidi, da barade, da dakaru, da 'yan baka, da 'yan bindiga. Da waɗannan biyar za mu yi aiki.

Abin da za ka tanada

Busasshen karan dawa mai kauri, kwalin indomi ko na sabulu guda huɗu, yumɓu cikin kwano, rairayi, marfin kwalbar lemo kamar 30, 'ya'yan tsamiya tafin hannu biyu, ƙyallaye daga wurin tela, auduga, tsinken tsintsiya, reza, almakashi, rula, da biro. Wajen manni, farin gam na kafintoci ya fi, in babu ka jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana. Launi kuwa, gawayi da shuni da jar ƙasa da farar ƙasa sun isa. Bayan girbi, lokacin da kara ya wadata, shi ne lokacin wannan aiki.

Mataki na 1: Fagen fama

Buɗe kwalaye biyu ka haɗa su da gam, ka yanke su zama santimita 120 a tsawo, 90 a faɗi. Shafa gam a sama da tsumma, ka barbaɗa rairayi, ka bari ya bushe, sannan ka karkaɗe wanda bai kama ba. Ɗora wani abu mai nauyi a kusurwoyi huɗun yayin bushewa, don kada kwalin ya lanƙwashe. Ja layi a kowane gefe, santimita 15 daga baki. A bayan wannan layi kowace runduna za ta kafa sansani.

Mataki na 2: Tudu, rafi da ganuwa

Kada ka manne waɗannan a jikin fage, domin a riƙa sauya musu wuri. Tudu: yanka kwali zagaye uku, babba da matsakaici da ƙarami, ka ɗora su bisa juna kamar matakala, yadda mayaƙi zai tsaya a kai bai faɗi ba. Ka manna 'yan tsakuwoyi a kai, ya yi kama da duwatsun Kazaure da Roni. Rafi: dogon ƙyalle mai launin shuni, faɗin yatsu uku. Sarƙaƙiya: 'yan rassan ƙaya da aka karya wa tsini, a kafe su cikin dunƙulen yumɓu. Ganuwa: mulmula yumɓu ka yi guntaye shida, kowanne tsawon santimita 10, tsayi 4, ka bar giɓi ɗaya a matsayin ƙofa. Ka kwaɓa yumɓun da ɗan rairayi, ka shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Rana da iskar hunturu suna tsattsaga shi, saboda haka ka rufa masa tsumma mai laima a daren farko.

Mataki na 3: Mayaƙa

Ɓare ɓawon kara ka fitar da totuwa. A nan a yi hattara, ɓawon kara yana yanka kamar reza, yaro ƙarami kada ya yi shi sai da babba a kusa. Doki: totuwa mai tsawon santimita 4 ita ce jiki, mai 2 ita ce wuya, wata 'yar ƙarama kai. Tsaga ɓawon sirara ka soke su da shi su haɗu, ka kafa ƙafafu huɗu. Mahayi totuwa ce mai santimita 2, da tsinke a matsayin mashi. In ɗan lifidi ne, lulluɓe dokin da ƙyalle da 'yar auduga a ciki, ya fito da kauri, mai kallo daga nesa ya gane shi. Ɗan baka, lanƙwasa tsinke ka ɗaure da zare. Ɗan bindiga, ba shi ƙwayar ashana da aka shafa wa gawayi.

Yanzu yanka kwali murabba'i, santimita 4 kowane gefe, ka kafa dakaru uku ko dawaki biyu a kai. Kowane irin wannan kwali ƙungiya ɗaya ce. Manna ɗan faffaɗan dutse a kai don iska. Kowane ɓangare ya samu ƙungiya takwas: lifidi ɗaya, barade biyu, dakaru biyu, 'yan baka biyu, 'yan bindiga ɗaya. Ɓangare ɗaya jar tuta, ɗayan shuɗiya, a rubuta lamba a kan kowace tuta. Wanda ba ya son ƙera siffar mai rai, ya kafa tuta kawai a kan kwalin ya rubuta sunan ƙungiyar, wasa ba zai ragu da komai ba.

Mataki na 4: Sandunan awo

Nan ne zuciyar aikin, don haka ka natsu. Zaɓi miƙaƙƙen siririn kara ka yanka sanduna biyar da rula a hannu: santimita 10 tafiyar dakaru da 'yan baka da 'yan bindiga, 15 tafiyar lifidi, 20 tafiyar barade, 25 nisan kibiya, 30 nisan harsashi. Ɗaura wa kowace zare mai launi daban, ka yi mata tsaga a daidai tsakiya. Amfanin tsagar: duk ƙungiyar da ta shiga rafi ko sarƙaƙiya ko ta hau tudu, rabin sanda za ta yi. Ana aunawa daga gaban kwali zuwa gaban kwali. Sandunan su zama na kowa da kowa, kada kowane ɗan wasa ya zo da nasa, domin daga nan rigima ke tashi.

Mataki na 5: Jakar ƙuri'a

Turawa da ɗan lido suke yanke hukuncin sara da harbi. A wurinmu iyaye da malamai da yawa suna ƙyamar sa saboda kusancinsa da caca, kuma akwai abin da zai maye gurbinsa. Ɗauki marfin kwalba 12 iri ɗaya, ka manna takarda a cikin kowanne, ka rubuta 1 zuwa 6 sau biyu. Zuba su cikin 'yar jaka mai kauri wadda ba a ganin cikinta. Mai kai hari ya girgiza, ya zaro ɗaya, a duba, ya mayar kafin wani ya zara. In ba a mayarwa, mai wayo zai riƙa ƙirga abin da ya rage.

Mataki na 6: Allon hukunci

Rubuta wannan da manyan baƙaƙe a kan kwali, ka jingine inda kowa ke gani:

Lifidi yana samun abokin gaba in an zaro 3 zuwa 6, in ya haɗu da shi kwali da kwali.
Barade da dakaru, 4 zuwa 6.
'Yan baka, 5 ko 6.
'Yan bindiga, 4 zuwa 6, amma bayan kowane harbi sai sun huta zagaye ɗaya suna ɗuri.
Wanda ke bayan ganuwa ko cikin sarƙaƙiya, sai da 6 ake samunsa.

Duk ƙungiyar da aka samu, a ajiye mata ɗan tsamiya ɗaya a kan kwalinta. In sun kai uku ta fita daga fage, lifidi kuwa sai huɗu. 'Yan bindigar da ke ɗuri, a kifa musu marfin kwalba a gefe don kada a manta.

Mataki na 7: Ma'aunin zagaye

Yi tsaga goma a jikin kara ɗaya, ka riƙa matsar da tsinke gaba duk lokacin da ɓangarorin biyu suka gama motsi da hari. Zagaye goma ne wasa ɗaya.

Wasan farko

Jera ganuwa a gefe ɗaya, ja su tsare gari da ƙungiya shida, shuɗaye su kawo hari da takwas. In ƙungiya biyu na masu hari suka shiga ƙofa kafin zagaye na goma ya ƙare, sun ci. In ba haka ba, masu gari ne da nasara. Sai a sauya wuri a sake bugawa. Nan da nan yara za su gane dalilin da ya sa magabata suka sha wahalar gina ganuwa, da abin da ya sa ba a sakin barade su tunkari bindiga kai tsaye.

A kira ɓangarorin da launinsu, kada a laƙa musu sunan gari ko ƙabila, domin jikokin waɗanda suka yi waɗancan yaƙe-yaƙe yau surukai ne da abokan ciniki. Kada a sa ko sisin kwabo a kai, kuma in an kira salla a tashi. Da an gama, a jera mayaƙa cikin kwali mai marfi, sanduna da jaka a gefe, a ɗora a sama nesa da gara da laima. Duk dokar da kuka ga tana fifita ɓangare ɗaya, ku zauna ku gyara ta a kan allon kafin wasa na gaba, ba a tsakiyar fafatawa ba.