Idan Farfaɗiya Ta Ƙi Jin Magani

A Agadas, idan mutum ya faɗi yana karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa, wasu sukan ja da baya. Wani ya ce iska ce, wani ya ce kada a taɓa yawunsa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Sanƙarau yakan bar ta a baya, haka ma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da wahalar haihuwa, da buguwar kai a haɗarin kabu-kabu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da ita. Cikin goma, wajen bakwai za su iya daina faɗuwa idan suna shan maganin da ya dace, irin su Gardénal da Tégrétol da Dépakine. Sauran ukun fa? Su ne abin ya fi ƙona wa rai: ana sha, ana faɗuwa.

A nan sai an yi hattara. Da yawa waɗanda ake cewa magani ya ƙi su, shan ne bai daidaita ba. Ƙwaya ta ƙare a ƙauye, gari da nisa, aka yi sati biyu ba a sha ba. Ko kuwa an saya a tebur, ba a san ingancinta ba. Likita ba ya cewa ciwo ya gagari magani sai an gwada iri biyu da suka dace, an sha su kullum yadda ya ce, amma faɗuwar ba ta tsaya ba.

To, irin wannan ne ake duba ko tiyata za ta yi masa amfani. A kan wasu, faɗuwar daga wuri ɗaya take tasowa, ƙaramin tabo ko ƙari, sau da yawa a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne. Ana liƙa wayoyi a fatar kai a ga inda abin ke farawa, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'ura. Idan wurin ɗaya ne, kuma cire shi ba zai taɓa magana ko motsi ba, sai a cire.

Aikin ya daɗe. Wani likita, Victor Horsley, ya yi shi a Landan tun 1886. A 2001 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Kanada da mutum 80. Bayan shekara ɗaya, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin sun rabu da faɗuwar da ke gusar da hankali, amma cikin masu magani kaɗai kashi 8 ne. Duk da haka akwai haɗari: mantuwa takan ƙaru, gani yakan ragu ta gefe guda. Ana kuma ci gaba da shan magani bayan aikin.

Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna Yamai da Damagaram, tafiya mai tsawo da tsada ga talaka. Kada ka kama hanya da ka. Fara da babban asibitin Agadas, ka nemi takardar turawa. Samu littafi ka riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa, da tsawonta, da maganin da aka sha a ranar. Ka tafi da shi wurin likita, tare da wanda ya taɓa ganin faɗuwar da idonsa.