Yayana Ya Sayar Da Kwamfutocina A Kilo

Malam,

Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton wata rana ni zan rubuto ba. Abin ne ya tsaya min a maƙogwaro, kuma a gidanmu babu wanda zan gaya wa bai yi min dariya ba.

Ni matashi ne a Bunkure. Na yi difloma a Kano, na dawo gida ina taya 'yan uwana noman rani. Tun ina makaranta Allah ya ɗora min son tsofaffin kwamfutoci. Wadda wani ya yar, ita nake so. In na ji wani shagon buga takardu ya rufe, sai in je ciniki. Wasu a Titin Beirut na samo su, wasu a Sabon Gari, ɗaya kuma wani malaminmu ne ya ba ni kyauta, har suka kai bakwai. Akwai wata mai Pentium 4 da ta ba ni wuya, sai da na sauya mata kafasita da hannuna sannan ta tashi. Akwai Compaq da har yanzu take karanta fulofi. Ga monita masu doro guda uku. Malam, duk suna aiki, ba gawarwaki na tara ba. Wanda bai taɓa jin kiɗan buɗewar Windows XP ya fito daga injin da kowa ya ce ya mutu ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba.

Makon jiya na raka tumatirinmu Kwanar Gafan, kasuwa ta ƙi, na kwana a can. Ina dawowa na tarar da ɗakin da nake ajiye su wayam. Ashe Yaya ya kira 'yan gwangwan sun kwashe. A sikeli aka ɗora su, Malam. A kilo. Ƙanina ya ce a gabansa, a bayan gidanmu, suka fasa monita ɗaya da guduma don su ciro jar waya. Abin da suka ba Yaya ko kuɗin buhun taki bai kai ba.

Da na yi magana sai ya ce shanshera za a zuba a ɗakin, kuma wai ya sha gaya min. E, ya taɓa faɗa, amma faɗa daban, ɗorawa a sikeli daban. Har da cewa wai tun da na fara kunna su baturin solar gidan ya yi sanyi. Ni dai na san baturi da kansa yake tsufa. Inna ta ce in yi haƙuri, babban wa uba ne, kuma ai tarkace ne.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Wallahi da wurin mai gyara ya kai su, ya sayar da su a matsayin kwamfuta, ko nawa aka ba shi zan haƙura. Amma a kilo? Compaq ɗin nan daga shagon buga takardu ta zo, cike take da takardun mutane: katunan biki, wasiƙun neman aiki, furojet ɗin ɗalibai, wasu tun na 2004. Da dare nakan zauna in yi ta karantawa. Duk an auna su tare da tsohon kwano da ruɓaɓɓiyar garma. Abin da ya bar min laftof ɗina ne da wata 'yar Raspberry Pi, ita ma don ya ɗauka caja ce.

Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma sama-sama. Wani abokina ya ce in kai ƙara wurin dagaci, wani ya ce in tattara in koma Kano. Ni abin da nake so kawai ya yarda da bakinsa cewa ba bola ya sayar ba. Yaya zan yi ya gane?

Naka mai karatu,
daga Bunkure

*

Ɗana,

Allah ya huci zuciyarka. Yayanka bai kyauta ba. Kayan mutum ba a sayar da shi a bayan idonsa, ko da ciki ɗaya aka fito, kuma girman da Inna take magana a kai bai halatta masa hakan ba. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba, domin na ga kai ma kana ta nanata wa kanka dare da rana.

Sai dai wasiƙarka ta ba ni labarin sikeli sau uku, ba ta gaya min ɗakin na waye ba. Ba ta gaya min wa ya sayi baturin ba. "Ya taɓa faɗa" ɗin nan kuma, sau ɗaya ne ko tun bara ake yi? Inda ka ratsa da sauri, nan zan tsaya.

Mu ɗauki baturin, don lissafi ba ya son kai. In irin wanda ya fi yawa a gidaje ne, mai lamba 200 da bolt 12, abin da yake adanawa a takarda shi ne wat 2,400 na awa guda. Amma baturi mai dalma ba a son a riƙa shan fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko. Saura 1,200. Pentium 4 guda ɗaya da monita mai doro suna cin wajen wat 200. Ka kunna su awa uku bayan isha'i, ka sha 600, rabin abin da gidan duka zai kwana da shi, ban da abin da inbata ke ci a hanya. Ka kunna biyu, ka cinye. Fankar Inna da fitilu da cajin wayoyi sai su gangara cikin rabin da bai kamata a taɓa ba, kuma haka baturi ke mutuwa tun kwanansa bai ƙare ba. Mutumin da ya iya sauya kafasita ya san wannan lissafin. Ka san shi, ɗana, kawai ba ka so ka yi ne.

Ɗakin ma haka. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, aka fara sako ruwa ta kanal zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasarku ba ta hutawa: damina shinkafa, rani tumatir da albasa da alkama. A irin wannan wuri ɗakin ajiya kuɗi ne. Manomin da ba shi da inda zai zuba shanshera dole ya sayar da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, a farashin da ɗan kasuwa ya ga dama. Wanda ya ajiye ya jira 'yan watanni shi ke cin gumin gonarsa. Wannan ne a ran yayanka duk sanda ya leƙa ɗakin ya ga akwatuna bakwai.

Kada ka ɗauka ina cikin masu cewa sha'awarka shirme ce. Ni ina ganin ɗaya daga cikin cututtukanmu shi ne duk abin da ya tsufa sai mu miƙa wa jari-bola, sannan bayan shekara talatin mu riƙa neman hotonsa a wurin Turawa. Kamfanin Compaq ma babu shi yanzu, HP ta haɗiye shi tun 2002. Kafasitocin da ka sauya kuwa tarihi ne da kansu: a farkon shekarun 2000 an cika kasuwar duniya da wasu masu gurɓataccen ruwa a ciki, kansu ya riƙa kumbura yana tsiyaya, suka kashe kwamfutoci ba adadi. Wanda ya gane kumburin da idonsa, ya ɗauki ƙarfen narka dalma ya gyara, yana da sana'ar da masu takardar digiri da yawa ba su da ita. Kuma ba dole ne sha'awa ta kawo riba ba. Mai kiwon tantabaru ba wanda ke tambayarsa nawa ya samu a wata. Amma shi yake gina musu ɗaki, shi yake sayen dawarsu, ba ya buɗe rumbun gandu ya ɗiba musu. Kai a ɗakin gandu ka ajiye naka, da wutar gandu ka ciyar da su, kuma ina kyautata zaton ƙofa kake rufewa in za ka kunna. Yayanka ya taɓa ganin ɗaya tana aiki? Ka taɓa zaunar da shi ka buga masa lissafin taki da fetur ɗin injin ban ruwa, ka nuna masa ribar bana da ta bara? In amsar a'a ce, to da me zai gane ba bola ba ce?

Saboda haka tambayarka ta yadda za ka sa ya furta da bakinsa, ka ajiye ta. Babban wa a ƙasar Hausa ba kasafai yake ce wa ƙaninsa "na yi kuskure" ba. In ya ji nauyin abin, za ka gani a wani wurin: ya ƙara maka kaso, ko ya ce ga kwano ka kafa rumfa. Ka buɗe ido ka karɓa in ya zo. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne yaushe za ka mallaki taku huɗu na ƙasa da faifan sola ɗaya da ba sai ka nemi izinin kowa ba. Ka je ka gaishe shi gaisuwar kirki, ka ce kuɗin 'yan gwangwan ya zuba a asusun sabon baturi, ka bar masa. Daga nan ka nemi wuri a gefen gida.

Kayan kuwa za su dawo, har ka rasa wurin zubawa. Microsoft ta ja hannunta daga Windows 10 a watan Oktoba na 2025, kuma Windows 11 ba ta yarda da yawancin injinan da suka girmi 2018 ba. Ofisoshin Turai da Amurka suna fitar da lafiyayyun kwamfutoci, kuma mun san tashar jirgin ruwan da irin wannan gwanjo ke sauka. Wannan karon ka zaɓa. Biyu ko uku da kake ƙauna sun isa, a kan katako, nesa da ƙasa, a lulluɓe saboda ƙurar hunturu, a toshe kafar ɓera. Mai XP kada ta kusanci intanet, tun 2014 ba ta da mai tsaronta. Aikin kullum ka bar wa 'yar Raspberry ɗin da aka raina, wadda cinta bai fi wat 5 zuwa 10 ba. In kuma ka samu ɗaya ta rara, ka tuna tun 2015 JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, kuma a ƙauyukanku akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da za su taɓa kibod. Ban ce dole ba ne. Na dai faɗa.

Yanzu ga abu biyu da suka tayar min da hankali, waɗanda kai ka ambata kamar ba komai ba.

Na farko, monitar da aka fasa a bayan gida. Gilashin masu doro akwai dalma a cikinsa mai yawa, fuskar kuma shafe take da wata hoda da ba a son a shaƙa. Ba mu manta Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Monita ɗaya ba za ta yi wannan ɓarna ba, amma yaro mai rarrafe ba ya bukatar da yawa. Yau ɗin nan ka yayyafa wa wurin ruwa don kada ƙura ta tashi, ka sa safar hannu, ka kwashe gilashin da ƙasar saman a buhu mai kauri, ka ɗaure. Kada a zuba a bolar da ake kai wa gona taki, kada a jefa a kanal.

Na biyu, kuma a nan zan ja maka kunne sosai: wa ya ba ka izinin karanta takardun mutane? Wanda ya kai wasiƙarsa shagon buga takardu a 2004 bai kai don wani saurayi a Bunkure ya yi hira da ita da dare ba. Akwai suna a ciki, akwai adireshi, wataƙila akwai takardar gado ko ta saki. Ka sayi ƙarfen ne, ba ka sayi sirrin ba. Kana kukan an taɓa kayanka ba da saninka ba, alhali kai ma abin da kake yi ke nan. Ga shi yanzu had dis ɗin ya bar hannunka bai goge ba, kuma 'yan gwangwan ba jahilan kaya ba ne: abin da zai sayu a haka ware shi suke yi, ya koma teburin masu gyara, wani ya saya ya buɗe.

Su kan tara kaya ne sai lodi ya cika kafin mota ta ɗauka, don haka wataƙila ba ka makara ba. Ƙaninka ya ga fuskokinsu, ka tafi da shi gobe da sassafe. Ka ɗauki sukundireba da kuɗinka a aljihu, kada ka je da faɗa, su ciniki suka yi. Ka fara neman had dis na Compaq, ka fanshe shi ko nawa suka ce, ka goge shi gaba ɗaya ba tare da ka sake buɗe ko takarda ɗaya ba. In ya ƙi goguwa, ka huda shi da ƙusa. In kuɗin ya yi saura kuma mai Pentium 4 tana nan ba a farke ta ba, sai ka yi cinikinta.