UWARGIDA, HUNTURU YA SHIGO: KI TSARE AJIYARKI DAGA ƁERA

Kaka ta wuce, hatsi ya shigo gida, sanyi ya sauka. Yanzu ne ɓera ke baro daji, tun ba in an sa wa ciyawa wuta ba, ya shigo gida neman abinci da wurin ɗumi. Ɓarnarsa ta wuce huda buhu. Akwai wani irin ɓera mai nonuwa da yawa wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, kuma ta fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu.

YADDA AKE ƊAUKARTA

Shi ɓeran ba ya ciwo, amma ƙwayar cutar tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi kan gari, ko tuwon da aka bari a buɗe, ko bakin randa, wanda ya ci ko ya sha yana iya kamuwa. Ana kuma ɗauka daga jini, amai, fitsari ko kashin marar lafiya.

ABIN DA ZA KI YI

1. Ki zuba gero, dawa, shinkafa, wake da gari a garwa, tukunya ko bokiti mai murfi. Ɓera yana huda buhu da leda.

2. Ki rufe sauran abinci da randa kafin ki kwanta. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

3. Kada ki shanya hatsi ko kuɓewa a ƙasa ko a bakin hanya. Ki ɗora a bisa, ki kwashe kafin magariba.

4. Ki wanke kwanuka da dare. Kada su kwana da sauran tuwo.

5. Ki toshe ramuka da tsagar bango. A kai shara nesa da gida, a nome ciyawar bayan ɗaki.

6. Ki duba kayan da suka daɗe a ajiye: akwati, tsummoki, tarin kara, ƙarƙashin gado. In akwai motar da maigida ya jingine a gida, ɓera na yin sheƙa a injinta da kujerunta, yana cin wayoyi. A riƙa buɗe ta ana dubawa, kada a bar abinci ciki, kada yara su mai da ita wurin wasa.

7. Ki kafa tarko, ki ajiye kyanwa. Maganin ɓera guba ne: kada ya kusanci abinci ko inda hannun yaro zai kai.

8. In kin ga kashin ɓera, kada ki share shi a bushe ƙura ta tashi. Ki jiƙa wurin da ruwan bilic, ki sa leda a hannu ki goge, sannan ki wanke hannu da sabulu. Mataccen ɓera a ɗauke shi da shebur a binne.

9. Ki hana yara farautar ɓera da gasa shi.

ALAMUN CIWON

Suna bayyana cikin mako 3 bayan kamuwa: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala, amai da gudawa. In ya tsananta, fuska ta kumbura, jini ya fito ta hanci ko baki. Cikin mutum 5 da suka kamu, 1 yakan sha wuya ƙwarai. Wasu da suka warke sukan kurmance. Mai tsohon ciki ta fi kowa shiga haɗari, ita da abin da ke cikinta.

Kada ki tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen ƙwaya a kemis. Ki kawo marar lafiya asibiti da wuri, don maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Ki gaya wa malamar asibiti in akwai ɓeraye a gidanku.

RIGAKAFI YA FI MAGANI. KI GAYA WA MAƘWABCIYARKI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha