Darasin Kakuri: Kasuwar Duniya da Ƙarfin 'Yan Ƙwadago

Ɗalibin da ke son gane kasuwancin ƙasa da ƙasa, ya leƙa Kakuri a Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu suka biyo baya, dubban ma'aikata suka haɗu a ƙungiya mai ƙarfi. Daga cikinta Adams Oshiomhole ya fito, ya shugabanci NLC a 1999, ya zama gwamnan Edo a 2008.

Najeriya ta shiga WTO a 1995, aka sassauta shigo da kaya. Atamfar Sin mai arha, har da ta fasa-ƙwauri, ta cika Kantin Kwari, ga matsalar wuta. Masaƙu suka yi ta rufewa. To, ƙungiya da ma'aikata take taƙama. Da suka watse, wa yajin aiki zai tsorata? Mai masaƙa a Sin ai bai ma san ana yi ba.